Daga Tuwat Zuwa Sharifai: Koyarwar Yahudawa Kan Ƙaunar Maƙwabci



A cikin birnin Kano, ba da nisa da Kasuwar Kurmi ba, akwai unguwar da ake kira Sharifai. Mutanenta suna danganta asalinsu ga Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili, malamin nan na Tilimsan da ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shugabansu shi ke riƙe da sarautar Sidi Fari. Duk ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ya san abin da Shehu Magili ya bar mana, watau wasiƙar da ya rubuta wa Rumfa a shekara ta 897 bayan Hijira, da kuma littafinsa Tajuddini a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Bayan shekaru ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun dogara da waɗannan rubuce-rubuce ƙwarai wajen tsara mulki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya auku kafin Shehun ya ƙetaro Sahara. Ya baro Tuwat ne bayan wata rigima da ta ƙare da rushe majami'ar Yahudawan garin Tamantit, watau ɗakin ibadarsu, da kuma watsewar jama'arsu. Ke nan tarihin Kano ya haɗu da na Yahudawa a wannan gaɓa. Mun san wanda ya sa aka rushe ginin, mun san hujjojinsa, amma ba safai muke tambayar abin da ake karantawa a cikinsa ba. Wannan tambaya ce nake so mu duba yau, musamman koyarwarsu cewa ƙaunar maƙwabci ita ce harsashin addini.

Ina so in share wata hanya tun da wuri. Ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948, da rikicinta da Falasɗinawa, batu ne mai zaman kansa, kuma ba shi ya tara mu ba. Littattafan da zan ambata sun girmi wannan ƙasa da ɗaruruwan shekaru, wasu ma da dubbai. Sa'an nan kuma, duk wanda ya san koyarwar wata al'umma ya sami ma'aunin da zai auna ayyukan masu da'awar bin ta.

Rigimar Tuwat

Tuwat jerin garuruwa ne masu ruwa da dabino a tsakiyar Sahara, a cikin ƙasar Aljeriya ta yau. A dā zango ne babba ga ayarin da ke kai da komo tsakanin Magrib da Tumbutu. A 1447 wani ɗan kasuwa daga Jenowa ta Italiya, mai suna Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can, ya bayyana cewa Yahudawa suna da yawa a wurin, suna zaune lami lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma yawancin ciniki ta hannunsu yake bi.

Da Shehu Magili ya zauna Tamantit, sai ya ga cewa a fahimtarsa Yahudawan sun karya sharuɗɗan zimma, watau alkawarin amanar da ke tsakanin Musulmi da Ahlul Kitabi. Ya ce sun kusanci masu mulki fiye da kima, ba sa biyan jiziya yadda shari'a ta tsara, kuma majami'arsu ba ta da hurumin tsayawa a ƙasar Musulmi. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Shi a ganinsa majami'ar ta daɗe a wurin, tana tsakiyar gidajen masu ita, malaman da suka gabata sun gan ta sun ƙyale, kuma rushe ta zai jawo fitina. Aka aika neman fatawa Fas da Tilimsan da Tunis. Malamai irin su Ibn Zakri da al-Mawasi suka goyi bayan a bar ginin, al-Tanasi da al-Sanusi kuwa suka mara wa Shehu Magili baya. Waɗannan fatawoyi suna nan a cikin Mi'iyar na al-Wansharisi, ga mai son ya duba.

A farkon shekarun 1490 aka rushe majami'ar, aka kashe wasu, sauran suka watse. Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci, a 1492, sarakunan Kirista na Sifen suka ci Garnaɗa, suka kori Yahudawa daga ƙasarsu, kuma garuruwan Musulmi irin su Fas da Istambul ne suka karɓi da yawa daga cikinsu. Daga baya, Shehu Magili yana Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493, labari ya iso masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ahmad Baba na Tumbutu ya ruwaito cewa Shehun ya nemi a kama mutanen Tuwat da ke Gawo, amma Alƙali Mahmudu ɗan Umaru ya ce ba su da laifi, aka sake su. Ku riƙe sunayen alƙalan nan biyu, za mu komo kansu.

Tushen Koyarwar

Al'adar Yahudawa ce su sauke Attaura sau ɗaya a shekara a majami'unsu, ana karanta kashi guda kowace Asabar. Saboda haka kowace shekara sai an zo kan sura ta 19 ta littafi na uku, wanda fassarar Hausa ta kira Littafin Firistoci. A aya ta 18 ne aka umarci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa daidai da yadda yake ƙaunar kansa. To, amma umarnin bai zo shi kaɗai ba, ya zo ne a cikin jerin dokoki na zaman yau da kullum. Manomi ya bar gefen gonarsa da kalar amfaninta domin matalauci da baƙo. Ladan ɗan ƙodago kada ya kwana hannun mai aiki. Kada a zagi kurma don ba ya ji, kada a ajiye wa makaho abin tuntuɓe. Alƙali kada ya karkata ga talaka don tausayi, ko ga mai hali don kwarjini. An hana annamimanci da riƙo da ramuwar gayya, an kuma wajabta mudu da ma'auni na gaskiya. Wannan ya nuna mana cewa ƙaunar da ake nufi aiki ce da ake gani a gona da kasuwa da gaban shari'a.

Malamin da ya fi shahara wajen ɗaukaka wannan koyarwa shi ne Hillel, mutumin Babila wanda ya zauna Birnin Ƙudus a zamanin Sarki Hirudus, dab da farkon lissafin Miladiyya. Littafin Talmud ya kawo labarin wani mutum da ba Bayahude ba, wanda ya je wurin Shammai, abokin hamayyar Hillel a ilimi, ya ce a koya masa Attaura duka yana tsaye da ƙafa ɗaya. Shammai ya kore shi da sandar awon magina. Da ya zo wurin Hillel sai ya karɓe shi, ya ce masa ya guji yi wa wani abin da shi kansa zai ƙi a yi masa. Ya nuna masa cewa wannan ne jigon, sauran duk sharhi ne, sa'an nan ya umarce shi ya tafi ya yi karatu. Mutane sukan manta da wannan ƙarshen. Hillel bai sauke wa mutumin nauyin dokoki ba, ya dai nuna masa inda suka dosa, domin kyakkyawar niyya ba ta isa sai an san yadda za a aikata ta.

Bayan Hillel da kimanin shekara ɗari sai Rabbi Akiba, wanda Rumawa suka kashe wajen 135 Miladiyya. Shi ne ya kira ayar nan babbar ƙa'ida a cikin Attaura. Duk da haka bai mai da ita abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba. Akwai wata mas'ala da duk wanda ya san tafiyar hamada zai gane nauyinta: mutum biyu suna cikin daji, ɗaya yana da salkar ruwa, in sun raba duka za su mutu, in shi kaɗai ya sha zai kai gari. Wani malami, Ben Petura, ya ce su raba, kada ɗaya ya ga mutuwar ɗan'uwansa. Akiba kuwa ya ce ran mai salkar ne a gaba. A wurinsa, an ce ka daidaita maƙwabci da kanka, ba a ce ka halaka kanka ba.

Ɗalibin da ya karanta Arba'una Hadisi a zauren malaminsa a cikin birnin nan zai tuna hadisi na goma sha uku, wanda ya ɗaure cikar imani da so wa ɗan'uwa abin da mutum yake so wa kansa. Haka kuma kalmarsu ta tsedaka da tamu ta sadaka tushensu ɗaya ne, sai dai a Ibrananci ma'anar tushen ta fi karkata ga adalci, watau haƙƙin matalauci ne ake miƙa masa.

Bayan Rushewar Haikali

Abin da ya mai da wannan koyarwa harsashin addininsu wani bala'i ne. A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa suka rushe Haikalin Birnin Ƙudus, wurin da ake yanka hadayun neman gafara. Addinin da ya dogara ga wuri guda ya wayi gari ba shi da wurin. An ruwaito cewa Rabbi Yohanan ɗan Zakkai, wanda ya kafa makaranta a garin Yabne, ya ga almajirinsa Yoshuwa yana baƙin ciki a gaban kufan, sai ya lallashe shi da cewa akwai wata hanyar neman gafara da ba ta gaza hadaya ba, ita ce ayyukan alheri, ya kafa hujja da Annabi Yusha'u. Talmud kuma ya yi tambaya: me ya sa aka rushe Haikalin, alhali mutanen zamanin suna karatu, suna ibada? Amsar da ya bayar ita ce ƙiyayya ba gaira ba dalili da ta yaɗu a tsakaninsu. Ku lura, malaman nan ba su tsaya ga zargin Rumawa kawai ba, sun juyo sun binciki kansu.

Daga nan aka gina tsari. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya ce azumin Ranar Kaffara yana shafe laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma wanda ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ba ya shafuwa sai ya je ya nemi yardarsa. Malamai suka ce aikin alheri ya fi sadaka ta fuska uku: ita da dukiya ake yi, shi kuwa da dukiya da jiki, ita ga matalauci kawai, shi ga matalauci da mawadaci, ita ga rayayye, shi ga rayayye da matacce. Saboda haka gaida mara lafiya, da ta'aziyya, da jana'iza, da saukar baƙo, da aurar da marainiya duk suka shiga cikin ibada. Kowane gari aka ɗora masa asusun matalauta, mutum biyu ke tarawa, mutum uku ke rabawa, don kada a bar wa mutum ɗaya dukiyar jama'a. Tsofaffin takardun da aka samu a majami'ar Ben Ezra ta tsohuwar Alƙahira, waɗanda aka kwashe da yawansu zuwa Kambirij a 1897, sun ƙunshi jerin sunayen masu karɓar gurasa sau biyu a mako, cikinsu har da baƙi daga ƙasashe masu nisa.

Wanda ya tsara waɗannan hukunce-hukunce tsaf shi ne Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya zauna Fas, ya rasu a Masar a 1204. Likita ne a fadar gidan Salahuddini, kuma da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa. A cikin kundinsa na shari'a, wanda ya kammala wajen 1180, ya kasa sadaka mataki takwas. Mafi ƙasƙanci shi ne bayarwa da ɓacin rai. Kusa da ƙololuwa akwai bayarwar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa ma bai san shi ba. Mafi girma kuwa shi ne ka ba mutum rance, ko jari, ko ka sama masa sana'a, har ya daina buƙatar kowa. Abin da ake tsarewa a duk matakan nan shi ne mutuncin mai karɓa.

Wane ne Maƙwabci?

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Gaskiya ita ce malamansu da yawa, har da Musa ɗan Maimun, sun fassara maƙwabcin aya ta 18 da ɗan'uwa Bayahude. Akwai kuma maganganu masu zafi game da waɗanda ba Yahudawa ba a cikin littattafansu, waɗanda aka rubuta galibi a zamanin da suke ƙarƙashin danniya. Mai tarihi ba ya ɓoye wannan.

Amma tun farko akwai wata murya. Ben Azzai, abokin zamanin Akiba, ya ce akwai ƙa'idar da ta fi tasa faɗi, ita ce ayar Littafin Farawa da ta ambaci zuriyar Adamu, domin ta haɗa 'yan Adam duka a asali ɗaya. A cikin sura ta 19 ɗin nan dai, aya ta 34 ta ba da umarnin a ƙaunaci baƙon da ke zaune a ƙasa kamar ɗan gida, dalili kuwa shi ne Banu Isra'ila su ma sun ɗanɗana baƙunci a Masar. Wani malami a Talmud ya ƙirga wurare 36 da Attaura ta yi gargaɗi game da baƙo. Talmud ya kuma hukunta cewa a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da na Yahudawa, a gaida marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya, kuma Musa ɗan Maimun ya shigar da wannan cikin kundinsa. Wajen ƙarshen ƙarni na 13, Menahem Meiri na kudancin Faransa ya ce tsauraran hukunce-hukuncen dā sun shafi masu bautar gumaka ne, ba su shafi al'ummomin da addini da doka suka ɗaure ba, watau Musulmi da Kirista.

Ke nan, ita ma wannan koyarwa ta yi fama da tambayar da ta raba malaman Tuwat. Kowace al'umma tana iya koyar da son ɗan'uwa ba tare da wahala ba. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da wanda ke gabanka ba ɗan gidanku ba ne, kuma kai ke da iko a kansa. A Tamantit Yahudawa ne baƙin da ke hannun wasu, kuma wanda ya tsaya musu alƙalin Musulmi ne, da hujjojin Malikiyya. A Gawo fataken Tuwat ne baƙin, Alƙali Mahmudu ya tsaya musu.

Komowa Kano

Birnin nan da baƙi aka gina shi. Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Sunayen unguwanni kaɗai sun ishe mu shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, da ita kanta Sharifai. Duk waɗannan a cikin ganuwa suke, kuma jikokinsu Kanawa ne. Ko a zamanin cinikin gyaɗa, ɗaya daga cikin manyan masu saye a shekarun 1930 shi ne Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka suka keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa domin baƙi daga kudu. Tun daga nan baƙo da ɗan gari suka rage cuɗanya irin ta dā. A watan Mayu na 1953 aka yi tarzomar da hukuma ta ce ta ci rayuka 36. A 1966 aka yi wadda ta fi ta muni ƙwarai, wadda ta shiga cikin dalilan yaƙin basasa. Duk waɗanda suka yi wannan ɓarna, ta kowane ɓangare, sun tashi ne a gidajen da ake koyar da haƙƙin maƙwabci. Abin da ya faru shi ne sun taƙaita wanda kalmar ta shafa.

Ku ma'aikatan hukuma, wannan tambaya tana zuwa teburinku kusan kullum, ko da ba da sunanta ba. Tana zuwa ne da siffar yaron da aka haifa a Fagge ko Sabon Gari, wanda ake neman takardar shaidar asalin jiha a hannunsa kafin a ba shi gurbin karatu. Tana zuwa da siffar lebura da ladansa ya kwana wata uku, da tsohon da ke zarya neman fanshonsa ba shi da kowa a ofis. Shehu Magili da kansa, a cikin Tajuddini, ya yi ta maimaita wa Rumfa cewa ɓuyar mai mulki daga talakawansa ita ce tushen kowace musiba. Wannan nasiha tasa ta cancanci a riƙe, kamar yadda hujjar Alƙali al-Asnuni ta cancanci a karanta tare da tasa, domin su biyun malamai ne na mazhaba ɗaya.

Ku kuma ɗalibai, aikinku shi ne ku karanta ɓangarorin duka. Girmama malami ba ya hana a san inda takwarorinsa suka saɓa masa. Sanin abin da wata al'umma take koyarwa kuma ba ya rage wa mutum kome daga addininsa, sai dai ya hana shi yanke hukunci a kan jahilci. Majami'ar Tamantit ta rushe fiye da shekaru ɗari biyar ke nan, amma tambayar da aka yi a kanta tana nan a gabanmu, kuma kowane ɗayanmu zai amsa ta a ofishinsa da unguwarsa.

Allah ya zaunar da mu lafiya.